Karatu daga nesa: Wace fasaha ce za ta yi wa ɗan Yargoje aiki idan an rufe makaranta?

A watan Nuwamban 2025 gwamnatin Katsina ta ba da umarnin rufe makarantun gwamnati a faɗin jihar, bayan sace ɗalibai a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja. Haka ma aka rufe makarantun kwana bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamban 2020.

Duk lokacin da hakan ta faru, maganar koyarwa ta intanet kan taso. Sai dai abin da ya yi wa ɗalibin birnin Katsina aiki ba lallai ne ya yi wa na Yargoje ba, garin da ke ƙaramar hukumar Ƙanƙara wanda 'yan bindiga suka yi wa mummunan kisa a watan Yunin 2024. Haka lamarin yake a ƙauyukan Faskari da Sabuwa.

Bidiyo kai tsaye

Manhajoji irin su Zoom da Google Meet su ne suka fi kama da aji na gaske. Malami yana ganin fuskar ɗalibi, ɗalibi kuma yana iya tambaya nan take.

Amma suna da sharuɗɗa uku: babbar waya, sabis mai ƙarfi da ba ya yankewa, da kuma data mai yawa. Darasin awa ɗaya na bidiyo yana cin ɗaruruwan megabayit, alhali murya kaɗai ba ta cin fiye da kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da har kashi 50 cikin 100.

Akwai kuma batun lokaci. A gidaje da dama wayar maigida ce kaɗai, kuma da ita yake tafiya gona ko kasuwa. Darasin da aka sa ƙarfe goma na safe zai wuce yaron, musamman 'ya mace da ba kasafai ake bar mata waya ba.

Darasin 2021

Babban gwajin da ya kamata a yi wa kowace fasaha a wannan yanki ya riga ya faru. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar domin yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Sai a ƙarshen shekarar aka fara dawo da sabis.

Da a ce karatun yara ya dogara kan intanet ɗin waya a lokacin, da zango guda ya tafi a banza. Wato matsalar tsaron da ke rufe makaranta ita ce kuma ke iya kashe sabis. Duk tsarin da bai yi la'akari da wannan ba zai tsaya ne daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Rediyo da kiran waya

Rediyo bai san an katse layi ba. Batir biyu sun ishe shi, kuma yara goma za su iya zama gaban akwati ɗaya. A lokacin kullen korona na 2020, jihohi da dama na Arewa sun koma gare shi don watsa darussa.

Rauninsa shi ne malami ba ya jin ɗalibi. Ana rage wannan giɓi da buɗe layin kira a ƙarshen darasi, ko kuma malamin garin ya riƙa kiran iyaye ta ƙaramar waya yana bin diddigin aikin da aka bayar. Kiran murya yana shiga ko a wurin da intanet ba ta buɗe hoto.

WhatsApp yana tsakiya. Saƙon murya da hoton allo suna jira har sai an samu sabis, sannan a saurara sau nawa aka ga dama, a tura wa maƙwabci ta Bluetooth ko katin memori ba tare da kashe data ba. Manhajar Nigeria Learning Passport, wadda ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, ita ma an tsara ta yadda za a iya amfani da darussanta ba tare da intanet ba.

Tauraron ɗan'adam fa?

Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, kuma ba ya buƙatar turken sadarwa. Sai dai kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin manomi, ga buƙatar sola. Inda zai yi amfani shi ne cibiya guda a gari mai jami'an tsaro, kamar Ƙanƙara ko Malumfashi ko Funtua, inda 'yan gudun hijira ke taruwa. Kafa irinta a ƙauyen da ba shi da kariya tara yara ne a wuri ɗaya, abin da aka rufe makarantar don gudunsa.

Abin da ke gaban hukumomi

Jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta tun 2015, kuma gwamnatin tarayya ta ce WAEC da NECO ma can suka nufa. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai fafata da na birni a zaure ɗaya, don haka ba za a yi watsi da intanet ba.

Amma tsari yana da gaba da baya. Ga gwamnatin Dikko Umar Raɗɗa, abin da ya fi dacewa da waɗannan ƙananan hukumomi shi ne a fara da jadawalin darussan rediyo da aka naɗa tun kafin a rufe makaranta, a bai wa malamai katin kira da takardun aiki, sannan a ajiye bidiyo kai tsaye don cibiyoyin gari da horar da malamai. Kafin a sayi kowace na'ura, a tambayi mai kawo ta abu ɗaya: me yaron Yargoje zai koya da ita ranar da babu sabis kuma babu caji?