Wa ya rera, yaushe, kuma a gaban wa?

Tsakanin 2008 da 2013, wani mai bincike ɗan ƙasar Ostireliya, Graeme Counsel, ya yi ta kai-komo zuwa Konakiri, babban birnin Gini, yana zama a ɗakin ajiyar gidan rediyo da talabijin na ƙasar, yana kunna tsofaffin faya-fayan tef ɗaya bayan ɗaya. Da ya kammala, ya juye faifai 1,269 zuwa kwamfuta, waƙoƙin da ke cikinsu kuwa sun kai 9,410. Kuɗin aikin ya fito ne daga wani shiri na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya mai ceto kundayen da ke gab da salwanta, kuma ƙa'idar shirin ita ce ainihin kayan su zauna a ƙasarsu, a bar kwafi a can, a kai wani Landan. A 2016 aka buɗe dubbai daga cikin waƙoƙin a intanet, kowa ya saurara kyauta.

Duk jami'a ko ɗakin karatu da ke shirin gina taskar waƙoƙi a intanet ya kamata ya dubi wannan aiki da kyau, ya lura da inda shekarun suka tafi. Masu ba da kuɗi sun fi son ganin shafi, domin shi ake ƙaddamarwa a gaban manyan baƙi a ɗauki hoto. Amma shafin shi ne mafi sauƙin abin da za a yi, kuma shi ya kamata ya zo a ƙarshe. Abin da ke mai da tarin muryoyi taskar da malami zai dogara da ita shi ne bayanin da ke rakiyar kowace waƙa: wa ya rera, da wane harshe, a ina, a wace shekara, su wa suka yi kiɗa, daga wane faifai aka juyo ta. A nan ne ya kamata kaso mafi tsoka na kuɗi da lokaci ya tafi.

Tarihin Gini kansa ya nuna dalili. Bayan samun 'yanci a 1958, gwamnatin Seku Ture ta mai da kiɗa aikin hukuma. Ta kafa ƙungiyoyin makaɗa a kowane yanki, ta saya musu kayan kiɗa, ta ɗauki fitattunsu a kan albashi, sannan ta buɗe kamfanin faifai mai suna Syliphone. Ta hannunsa duniya ta san Bembeya Jazz da Sory Kandia Kouyaté, kuma Miriam Makeba ma ta yi faifai a nan lokacin da take zaman gudun hijira a ƙasar. Shekaru da dama, wanda ke son sanin kiɗan Gini na wancan zamani faya-fayan Syliphone yake nema, yana ɗauka hoton ƙasar ke nan. Da aka bi waƙoƙin ɗaya-ɗaya aka rubuta harshen kowacce, sai ya bayyana cewa waɗanda aka rera da Fulatanci 'yan ƙalilan ne ƙwarai, alhali Fulani ne suka fi kowace ƙabila yawa a ƙasar. Wannan gwamnati ce ta zargi Fulani da ƙulla makirci a 1976, kuma a kurkukunta Diallo Telli, babban sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya rasu a 1977. A faya-fayan gidan rediyo kuwa an tarar da waƙoƙin Fulani masu yawa da ba su taɓa fita kasuwa ba. Ba wanda zai iya ganin wannan giɓi ta hanyar sauraro don nishaɗi. Sai da wani ya zauna ya cike gurbin "harshe" a jadawali sau dubbai kafin siyasar da ke bayan zaɓen waƙoƙin ta fito fili.

Masu cewa YouTube ya wadatar suna da hujjarsu, domin ya kai tsofaffin waƙoƙi inda babu ɗakin karatun da ya taɓa kai su. Halin da waƙoƙin Hausa ke ciki a can ya isa amsa. Waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Barmani Coge suna nan birjik, ana kuma tura su daga waya zuwa waya a shagunan masu turi. Sai dai akasarinsu ba shekara, ba wurin da aka ɗauka, wani lokaci an yanke farko ko ƙarshe, wani lokaci sunan da aka liƙa wa waƙar ma na wata ce daban. Makaɗin baka kuwa ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Yakan ƙara ɗiya idan ya hango wani babba ya shigo fili, yakan sauke sunan wanda suka ɓata, yakan cusa zambo ga wanda bai halarta ba. Ɗalibin da ke nazarin yadda yabon wani basarake ya sauya cikin shekara ashirin yana buƙatar sanin wace rerawa ce ta riga wata. Idan babu wannan, abin da ke hannunsa ya ishe shi jin daɗi a mota, amma ba zai iya kafa hujja da shi a kundin digiri ba.

Masana adana murya sun daɗe suna gargaɗi game da tef. Zaren yana lalacewa da zafi da danshi, wani ya manne da juna, wani ya fara warin tsami ya ruɓe. Na'urorin da ke kunna shi, irin su Studer, an daina ƙera su tuntuni, masu gyaransu kuma suna ƙarewa. A 2015 Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya ƙiyasta cewa kimanin shekara 15 suka rage a ceto irin waɗannan muryoyi. Aikin kuma ba ya karɓar gaggawa, domin faifan awa ɗaya awa ɗaya yake ci kafin a juye shi. Akwai wani wa'adin da ba a cika ambata ba, wanda ya fi wannan matsewa. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. 'Yan amshinsu da makaɗansu da sanƙirorinsu, da tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka riƙe makirfo a ranar da aka ɗauki waƙar, su ne kaɗai za su ji murya su ce wannan wane ne, an yi ta a bikin wane, kuma wanda ake wa habaicin nan shi ne wane. Ƙwararre zai iya lallaɓa tef ɗin da ya manne ya ciro abin da ke ciki. Idan dattijon da ya san waƙar ya kwanta dama, babu na'urar da za ta dawo da abin da ya sani. Saboda haka taskar da ta ware kuɗin sayen kwamfuta ba ta ware na zama da waɗannan mutane ana kunna musu faifai ana rubuta abin da suka ce ba, ta fara gini daga rufi.

Batun ɗorewa ma ba a warware shi da ɗora abu a intanet. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da jama'a suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50, wajen sauya ma'ajiya. A watan Oktoba na 2023 masu kutse suka afka wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, suka durƙusar da ayyukansa na intanet, shafin sauraron muryoyinsa ya daɗe a rufe. Ƙa'idar nan ta barin kwafi a ƙasar da kayan suka fito, wadda wasu ke ɗauka ladabi ne kawai ga masu abu, ta zama kariya ta zahiri. Kwafi uku a wurare mabambanta, a sigar da ba a matse sautin ba, tare da wani ma'aikaci da albashinsa ya rataya a kan duba su, shi ne mafi ƙarancin abin da za a nema.

Saura haƙƙin mallaka, wanda ya fi komai rikitarwa. Internet Archive ta Amurka ta juye tsofaffin faya-fayan garmaho sama da 400,000 ta buɗe su ga jama'a, sai manyan kamfanonin kiɗa, ciki har da Universal da Sony, suka kai ta kotu a 2023 suna neman diyyar ɗaruruwan miliyoyin daloli. Wasu taskokin sun kauce wa irin wannan ta hanyar kulle ƙofa, sai ɗakin karatun da ya biya kuɗin shekara ke shiga. Wannan ya dace da jami'o'in da ke da kuɗi, amma yana nufin ɗalibi a Boston zai iya jin abin da jikan mawaƙin ba zai iya ji a garinsu ba.

Akwai hanya tsakanin biyun. A buɗe jadawalin gaba ɗaya ga kowa, domin sanin cewa waƙa kaza tana nan, an ɗauke ta a shekara kaza, ba ya tauye haƙƙin kowa. Waƙoƙin da magada suka amince a sake, a sake su da rubutacciyar yarjejeniya wadda ta faɗi abin da za su samu idan wani ya nemi amfani da su don kasuwanci. Sauran, har da zambon da zai iya tayar da tsohuwar gaba tsakanin gidajen da har yau suke maƙwabtaka, a saurare su a cikin ɗakin karatu bayan mai bincike ya rubuta sunansa da dalilinsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta ba ɗakunan karatu da ma'adanan tarihi damar yin kwafi don adanawa, don haka juye faya-fayan da rubuta bayanansu ba sai ya jira an gama sasantawa da magada a kan abin da za a buɗe ba.