Filin Mata: Ginin Tukwane Ga Uwargida Da 'Yar Makaranta

 Yau zancenmu a kan ginin tukwane ne, watau yadda mace za ta mai da shi abin ɗebe kewa sa'ad da ta ƙare aikin gida, ko yarinya ranar da babu makaranta. Na san wasu za su yamutsa fuska su ce wannan ai aikin tsofaffi ne, wa zai ɓata lallensa da laka? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke hukunci.

Mu da muke zaune a bakin kogin Haɗeja, tun daga Auyo har Kirikasamma da Guri, Allah ya ajiye mana kayan aikin a ƙofar gida. Kowace damina ruwa yakan malala cikin fadamu, in ya janye da kaka sai ya bar laka mai laushi a kwance. Ga yumɓu a fadama, ga yashi a kan jigawa, ga kara da ɓuntun shinkafa a gona. Fadamar Baturiya ta yi suna har ƙasashen waje saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu, har a 2008 aka sa ta cikin dausayoyin duniya da ake kiyayewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Baƙi suna zuwa kallon tsuntsu, mu kuwa 'yan gida muna tattake dukiya da ƙafa ba mu lura ba.

Abin baƙin ciki, yau jarka da bokitin roba sun kori tulu daga gidaje da yawa, tukunyar dalma kuma ta ture ta ƙasa daga kan murhu. Tsofaffin da suka iya gini suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata ba su karɓa ba. Sana'ar hannu kuwa ba a littafi take ba. Ran da mai ita ta kwanta dama ba ta koya wa kowa ba, shi ke nan an binne su tare.

Wadda take ganin aikin na ƙasƙanci ne, ta ɗauko takardar Naira 20 ta juya bayanta. Matar nan da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, wadda aka haifa a garin Kwali cikin ƙasar Gwari. Tun tana yarinya ta koyi gini a gida, da hannu kawai, ba inji. Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fadarsa, a can ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su ya yi mamaki. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta dā, wadda yau ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Aka kai aikinta Landan aka nuna, ta je Ingila da Amurka tana gini gaban jama'a. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa, ta rasu a 1984. Kun ga inda laka ta kai mace.

Na biyu ɗan gida ne. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba malami ne a kwalejin fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya kuwa tashi a gidan magina tukwane. Ya lura da yadda tumatir da tattasai da yalo suke ruɓewa kafin a sayar, da yadda ake hana 'yan mata makaranta domin su yi tallarsu da sauri. Sai ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A gwajin da aka yi, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da barkono suka kai mako 3. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000.

Dalilin sanyin shi ne, jikin tukunyar ƙasa cike yake da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, in yana bushewa kuwa yakan tafi da zafin abin da ke ciki. Kamar gumi ne a jikin mutum. Shi ya sa ruwan randa ya fi na jarka daɗi da bazara, shi ya sa kuma dabarar ta fi aiki da rani, sa'ad da iska ke bushe, fiye da tsakiyar damina.

To, yaya za ki fara? Ga yadda ake yi.

Da fari sai zaɓen yumɓu. A kankare ƙasar sama mai ciyawa da saiwa, a ɗebo ta ƙarƙashi. Ki jiƙa kaɗan ki murza shi kamar igiya, ki naɗa a yatsa. In ya naɗu bai karye ba, ya yi. Ki shanya shi ya bushe, ki daka, ki tsince tsakuwa da ƙwanson katantanwa, domin su ne ke fasa tukunya cikin wuta. Sa'an nan ki jiƙa shi ya kwana biyu.

Na biyu haɗi. Yumɓun fadamarmu baƙi ne mai danƙo, kun dai ga yadda yake daddarewa da rani. Haka zai yi miki a tukunya in kin gina da shi zalla. Saboda haka ki nemi tsingaron tsohuwar tukunya ki daka ya zama gari, ki zuba kamar kashi 1 cikin kashi 3 na yumɓu. In babu, yashi mai laushi ya isa. Ki cuɗa shi sosai kamar kwaɓin alkaki, har iska ta fita daga cikinsa. Wannan cuɗawa ita ce rabin aikin, kada ki yi mata ha'inci.

Na uku gini. Kada ki fara da randa, 'yar'uwa, sannu ba ta hana zuwa. Fara da kaskon turaren wuta, ko kaskon ruwan kaji, ko asusu. Ki kife wata tsohuwar tukunya a ƙasa, ki barbaɗa mata toka don kada ya manne. Ki faɗaɗa curin yumɓu kamar waina, ki ɗora a gindinta, ki riƙa bubbugawa a hankali yana saukowa har rabi, kaurinsa ya zama daidai ko'ina, kamar kaurin ƙaramin yatsa. Ki bar shi ya sha iska har ya iya tsayawa da kansa, ki cire ki juyo shi. Daga nan sai ki murza yumɓu dogo-dogo ki riƙa ɗorawa a baki, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, kina haɗe su har ki kai wuya. Sakaina ce abin kankare jiki, jiƙaƙƙen tsumma kuma shi ke gyara baki.

Na huɗu ado, nan ne 'yan makaranta za su nuna gwaninta. Tun da sauran danshi, ki mirgina totuwar masara ko tufkakkiyar igiya a kafaɗar tukunya, ki ga zanen da za ta bari. Da tsinke kina iya zana gwagwa, ko kifi, ko ganyen goruba, ko ki rubuta sunanki da shekara. Ladi Kwali ma da ƙadangare da kada da kifi ta yi suna. In kina son sheƙi, ki shafa kwaɓin jar ƙasa, ki goge da dutse mai sulɓi.

Na biyar shanya. A inuwa ake yi, inda iska ba ta bugawa da ƙarfi. Rana da iskar hunturu sukan busar da waje su bar ciki da danshi, sai tsagewa. Ƙananan kaya su sami mako guda, manya mako biyu. Ki kara tukunya a kumatunki, in kin ji sanyi to da saura.

Na shida toyi. Ranar da za a toya, a fito da su rana su ɗumama. A shimfiɗa kara da busasshen kashin shanu, a kife tukwane a kai, a rufe da tsingaro da ciyawa da ɓuntu. A fara da wuta kaɗan, daga baya a ƙara mata. Sai zafi ya kai wajen digiri 600 yumɓu ke rabuwa da ruwan da ke cikin jikinsa, daga nan ba ya sāke narkewa ya koma laka. Kada a buɗe sai toka ta huce. Ki ƙwanƙwasa da yatsa: in ta yi ƙara ras, ta nuna, in ta yi dum, akwai tsaga ko wuta ba ta ci ta ba. Wadda ta fashe kada ki zubar, garin haɗin gaba ke nan.

Akwai gargaɗi uku. Kada yara su je ɗiban yumɓu su kaɗai, kada kuma a yi rami a gindin gaɓar kogi, domin takan rufto. A nemi izinin mai gona, a kuma bar gandun Baturiya da hukuma ta keɓe. Toyi kuwa a yi shi bayan gari da yamma lis, nesa da danga da rumbu. Na ƙarshe, sanyin randa ba ya kashe ƙwayar cuta. A wanke ta duk mako, a rufe bakinta, a ware mata moɗa guda mai mariƙi.

Ku 'yan makaranta, wannan hutun ku haɗu ku uku ko huɗu, ku nemi tsohuwar da ta iya gini a unguwarku. Ku gaishe ta da ladabi, ku ce, "Iya, mun zo ki koya mana." Ku ɗebo mata ruwa, ku daka mata tsingaro, ku zuba ido a kan hannunta. Abin da za ta nuna muku cikin yini guda ya fi duk abin da aka rubuta a nan. Ke kuma uwargida, in tukwanenki biyu sun fito lafiya, ki haɗa su da yashi a inuwa, ki riƙa jiƙa shi safe da yamma, ki ga ko cefanen Juma'a ba zai kai miki wata Juma'ar ba.

Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta ƙare, ko ta yi kyau ko ta fashe, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.