MOHO: A NEMI KURMI KAFIN A NEMI TSUNTSU

Kwanan baya wani malamin makaranta daga ƙasar Bagudo ya tambaye mu, wai ina ne mutum zai je ya tabbata lalle ya ga tsuntsun nan da Turawa ke kira Moho. Ya ce ya sha ganin hotonsa a littafi, amma kwana uku yana yawo a daji bai gan shi ba. Tambaya mabuɗin ilmi ce, saboda haka muka ga ya kamata mu amsa a fili, don sauran malamai da akawuna su amfana.

Shi dai wannan tsuntsu, wanda masana ke kira Hypergerus atriceps, tsawonsa kamar inci 8 ne. Kansa baƙi, cikinsa rawaya, bayansa kore-kore, ga doguwar wutsiya. Ana samunsa tun daga Senegal har Kamaru. Sai dai ba ya son sarari. Mazauninsa kurmin bakin rafi ne, inda giyayya da kanya da tukuruwa suka haɗa inuwa, sarƙaƙiya ta rufe ƙasa. Wanda ya bi fako ko saura yana nemansa, wahala kawai zai sha.

An ce gani ya kori ji, amma wajen Moho ji ne ja-gora. Namiji da tamata sukan yi kuka tare, kamar masu fito, da ƙarfi ƙwarai. To, sai mutum ya yi sammako, ya zauna gefen kurmi, ya kame bakinsa, ya saurara. Ya kuma duba sheƙa. Takan reto daga reshe, sau da yawa bisa ruwa, kamar ciyawar da ambaliya ta rataye.

Masana sun rubuta samunsa a Borgu, cikin gandun dajin Kainji da aka kafa a 1979. Haka kuma a gandun W, wanda aka kafa a 1954 inda Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗu. Bagudo tana tsakanin waɗannan biyu, kuma ta gefenta ne Kogin Kwara ya shigo Nijeriya. Saboda haka ƙoramun da ke gangarowa Kwara ta wajen Illo da Lolo da Ka'oje su ne farkon inda hankali zai ba mutum ya duba. Amma kada kowa ya ƙetare iyaka ba takarda, ko ya shiga daji ba tare da ya sanar da hakimi ko dagaci ba, gama zaman lafiyar dajin iyaka sai da tambaya.

Ga ra'ayinmu, sunan gari ba shi ne tabbaci ba. Tabbaci yana ga rubutu. Wanda ya ji tsuntsu sau ɗaya, labari ya samu. Wanda ya ji shi a kurmi guda da rani da damina, shekara biyu a jere, ya kuma rubuta rana da wuri, shi ya sami wurin dogara. Kowace makaranta ta ajiye littafi don wannan. A tambayi Sarkawa masunta da Fulani makiyaya, don su ne ke kwana kusa da ruwa. A rubuta sunan da suke kiransa da bakinsu. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke Jos ta fara tattara irin wannan labari daga ko'ina cikin Nijeriya, an raba ƙasar gida-gida, kowane gida kamar mil 5 da rabi. Littafin yaranmu zai yi amfani a can.

Wani zai ce, mutane na fama da abinci, ina ruwanmu da tsuntsu? To, kurmin da ke ɓoye Moho shi ne ke riƙe gaɓar rafi kada ruwa ya cinye gona. In masu gawayi suka sare shi, tsuntsu ya tashi, sa'an nan zaizaya ta biyo baya. Manomi ne zai biya.

Muna roƙon malamai su fara tun wannan damina, hakimai kuwa su tsare kurmin da ya rage. Mai nema yana tare da samu. Allah ya sa mu dace, amin.