SHARHI: Jarkar da aka shuka alayyafo a ciki ma tana da wa'adi

A gidaje da dama na Potiskum, jarkar man girki da ta huje ba ta zarcewa bola. Akan yanke bakinta, a cika ta da ƙasa da takin shanu, wanda ba ya wuya a garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, sannan a shuka alayyafo ko tattasai ko yakuwa. Masu rainon itatuwa kuwa sun daɗe suna tayar da irin darbejiya da mangwaro a ledar fiya-wata. A lokacin da kayan miya ke neman gagarar talaka, dabarar ta cancanci yabo.

Sai dai roba suna ta tara, kuma ranar Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ba ta raga wa kowacce. Jarka mai kauri, mai lamba 2 a gindinta, takan yi shekaru, musamman baƙa, domin sinadarin da ya ba ta launin yana kare ta daga hasken rana. Bokitin fenti da bahon wanki, waɗanda galibi lamba 5 ce a jikinsu, sukan koɗe su bushe, har wata rana a ɗaga bokiti bakinsa ya biyo hannu. Gorar ruwa ba ta da kauri, haske na ratsa ta, saiwa ta sha zafi. Wanda ya ajiye tukwanen nan a inuwa, ko ya naɗe su da tsohon buhu, ya ƙara musu kwana.

Akwai robar da bai kamata ta kusanci abinci ba ko kaɗan: gorar maganin feshi da galan ɗin baƙin mai. Guba na iya shiga jikin robar, ɗauraya ba ta fitar da ita duka. Ya kamata malaman gona da masu sayar da maganin su riƙa faɗa wa manoma haka ƙarara.

Babbar matsalar tana zuwa ne ranar da tukunyar ta farfashe. Ɓarɓashinta ya gauraye da ƙasa, ko ya toshe magudana da damina, ko a ƙona shi yara su shaƙi hayaƙin. Ledar dashe da aka yar kuma dabbobi ke haɗiyewa. Mahauta sun san abin da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki.

Legas ta haramta robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024. Yobe ba sai ta kwaikwayi wannan ba. Abin da Potiskum ke buƙata ya fi haka sauƙi: hukumar kare muhalli ta jihar da ƙaramar hukuma su ware wuraren tara fasassun robobi a kasuwanni da unguwanni, su haɗa su da 'yan jari-bola da ke saye a kan kilo, kafin ruwan farko ya sauka.