Kwarjinin Aro

Wata sana'a ta bunƙasa a 'yan shekarun nan, ta masu koya wa ma'aikata yadda za su yi kama da shugabanni. Ana tara manyan ma'aikata a ɗakin taron otel, a karɓi kuɗinsu, a ce musu su buɗe ƙirji, su kaurara murya, su ƙura wa abokin magana ido. Littafin Sylvia Ann Hewlett na 2014, wanda masu wannan sana'a ke yawan dogara da shi, ya kasa abin gida uku: nauyin hali, iya magana da kyawun shiga. Idan aka zo fassara wa Bahaushe sai a ce wai kwarjini ake koyarwa. A nan aka zalunci kalmar.

Ɗalibin Hausa ya dubi yadda kalmar ke zama cikin jimla. Ana cewa wane yana da kwarjini, ko ya yi wa jama'a kwarjini, ko ya cika musu ido. Shaidar kullum daga bakin mai kallo take fitowa, kuma duk wanda ya tashi ya yaba kwarjinin kansa dariya za a yi masa. Abubuwan da mutum ke ƙirƙira da kansa don a ji tsoronsa kuwa, harshen ya ba su sunaye daban, babu kuma na yabo a cikinsu: burga, fankama, kuri, cika baki, nuna isa. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a 1974, halayen da ya tattaro su ne irin su gaskiya, amana, haƙuri, hankali, kunya, mutunci da adalci. Ba a iya sayen ko ɗaya daga cikinsu a taron kwana biyu.

Masu sana'ar za su ce kimiyya na bayansu. To, a duba kimiyyar. A 2010 Dana Carney da Amy Cuddy da Andy Yap sun wallafa bincike kan mutum 42, suka ce tsayuwar isa ta minti biyu na ƙara sinadarin ƙarfin zuciya a jiki, tana rage na fargaba. Jawabin da Cuddy ta yi a dandalin TED a 2012 ya kai maganar ko'ina a duniya. Amma da Eva Ranehill da abokan aikinta suka maimaita gwajin a 2015 da mutum 200, ba su ga wani sauyi a sinadaran ba. Abin da ya rage kawai shi ne mahalarta sun ce sun ji kansu da ƙarfi. A 2016 Carney, wadda sunanta ne farko a kan takardar, ta fito fili ta janye amincewarta da sakamakon. Haka ma ƙididdigar nan da ake ta maimaitawa, wai kalmomi kashi 7 ne kacal na saƙo, murya 38, fuska 55. Daga gwaje-gwajen Albert Mehrabian na 1967 aka ciro ta, inda ake furta kalma ɗaya tak a auna so ko ƙi, kuma shi kansa ya yi gargaɗin kada a faɗaɗa ta zuwa kowace magana. Duk da haka ana nan ana sayar da su kamar ba a taɓa jin labari ba.

Da asarar kuɗin horo ce kaɗai, da da sauƙi. Ɓarnar ta fi haka, domin ma'aikatar da ta saba auna shugaba da murya da tsayuwa ta buɗe ƙofa ga mayaudari. Elizabeth Holmes ta kafa kamfanin Theranos a Amurka a 2003 tana da shekara 19, da alkawarin na'urar da za ta yi gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini. Ta haɗa duk abin da ake koyarwa a ɗakunan taron nan: baƙar riga, murya mai kauri, ido da ba ya kauce wa ido. Tsofaffin ministocin harkokin waje biyu, Henry Kissinger da George Shultz, sun zauna a hukumar gudanarwar kamfanin, aka kuma ƙiyasta darajarsa dala biliyan 9. Ashe holoƙo ne, hadarin kaka. Na'urar ba ta yin aikin da aka ce tana yi, marasa lafiya kuma suna karɓar sakamakon da ba abin dogaro ba ne.

Babu mai musun cewa shugaba na bukatar magana a fili, da shiri kafin taro, da tsabtar jiki. Waɗannan ladubban aiki ne, ana kuma koyonsu. Inda aka kauce hanya shi ne mayar da su ma'aunin cancanta. Matashin da aka rene shi kan sunkuyar da kai gaban babba, a Zinder ko Kumasi ko Garwa, zai shiga jarrabawar ƙarin girma a ɗauki kunyarsa rauni, a ba wa mai zaƙin baki kujerar. Mace mai sanyin murya ma haka take shan kaye, alhali Angela Merkel ta jagoranci Jamus daga 2005 zuwa 2021 ba tare da tsawa ba.

Tambayar da ta dace a yi game da shugaba a wurin aiki ita ce: ƙaramin ma'aikaci na iya shiga ofishinsa ya faɗa masa labari maras daɗi, ya fito da aikinsa a hannu? A Theranos cikin waɗanda suka yi ƙorafi akwai matasa biyu na ɗakin gwaji, Erika Cheung da Tyler Shultz, jikan shi George Shultz. Barazanar lauyoyi suka samu. Sai da ɗan jarida John Carreyrou ya fallasa lamarin a 2015 kafin manya suka farga, kuma a 2022 kotu ta sami Holmes da laifin damfarar masu zuba jari, ta yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11.