Alƙawarin Asambuli da Jarkar Fetur

Mu da muka bar sakandare shekara biyu ko uku da suka wuce ba mu manta da layin asambuli ba. Kowace safiya mu miƙe, mu yi wa Nijeriya alƙawarin biyayya da gaskiya, rabinmu na hamma, hankalinmu na wajen mai ƙosai. Mun haddace shi tsaf, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga abin da yake nufi a Malisa ko Gwandu ko Kalgo.

To, ku dubi Lakurawa. Wajen shekarun 2016 zuwa 2018, a yankin Tangaza da Gudu na Jihar Sakkwato, wasu mutanen gari ne suka yi musu maraba don su kare su daga ɓarayin shanu. Kafin a ankara, masu gadi sun koma masu mulki: suna karɓar dabbobi da sunan zakka, suna yanke hukunci, suna yi wa samari bulala. A watan Nuwamba na 2024 suka kora shanun mutanen Mera a ƙaramar hukumar Augie, nan cikin jiharmu. Mutanen gari suka bi sawu, aka kashe aƙalla 15. Sai a Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda.

Kada mu yi saurin zagin waɗancan ƙauyawa. Mutumin da aka kwashe masa garke, ya kai ƙara ba a zo ba, duk wanda ya miƙo masa hannu zai kama. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati, kuma muna da ikon tuna mata hakan da babbar murya. Iyayen ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, da aka sace a ranar 17 ga Yuni, 2021, sun jira wasu 'ya'yansu har 2023.

Sai dai shi wannan kundin, a Sashe na 24, ya ɗora mana namu nauyin: taimaka wa hukumomi wajen tabbatar da doka da oda. A nan ne maganar ta shafe ku kai tsaye. Ɗan bindiga ba ya da gidan mai a daji, ba ya da gidan burodi. Wani ne ke ɗaura jarka a babur ya kai masa. Wani ne ke faɗa masa wa ya sayar da shinkafa ranar kasuwa, da ƙarfe nawa maigadin makaranta ke barci. Sau da yawa wannan wanin sa'anmu ne, kuma ladansa bai wuce kuɗin data ba.

Ba cewa muke ku zama 'yan sa-kai ba. Littafinku ya ishe ku aiki. Amma idan baƙo ya fara tambayar ina ɗakin kwanan 'yan mata yake, ku faɗa wa shugaban makaranta ko mai unguwa a ranar, a asirce, ba a dandali ba. Idan motocin sojoji suka wuce ta hanyar Kalgo, ku bar waya a aljihu. Hoton da kuka sa a WhatsApp don burge abokai, na cikin daji ma yana da waya.