Shawara Ɗaukar Ɗaki: Ina Matsayin Dangin Majinyaci?

Masu iya magana sun ce shawara ɗaukar ɗaki. To amma duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a sashen kulawa ta musamman, wato ɗakin nan da ake kwantar da wanda yake rai kwakwai mutu kwakwai, ya san a bakin ƙofa wannan karin magana yake tsayawa.

Bara na je Ikko jinyar kawuna, wani ɗan kasuwar goro a Agege, wanda hawan jini ya kayar, aka kwantar da shi a wani asibiti wajen Isolo. Kwana shida muka yi a baranda. Sau biyu rak aka neme mu: ran farko don mu biya kuɗi, rana ta huɗu don matarsa ta dangwala yatsa a wata takardar Turanci, wai za a huda masa maƙogwaro a sa bututun numfashi. Ta dangwala, ta fito tana tambayata, "Ɗan nan, me na sa wa hannu?" Ina tambayar mai karatu, shawara aka yi da ita, ko kuwa shaida aka kafa da yatsanta?

Ba alfarma muke roƙo ba. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya umarci ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da haɗarinsu, kuma gwargwadon iko cikin harshen da yake ji. Tun 2001 ma, a shari'ar Dokta Okonkwo, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. To idan ya suma, wannan iko bai suma tare da shi ba. Wa zai faɗi abin da yake so in ba waɗanda suka zauna da shi shekara talatin ba? Likita ya san cuta, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za a ce likitoci sun yi kaɗan, aiki ya sha kansu, dangi kuma ba sa rabuwa da gardama. Haka ne. A Amurka ma, miji da iyayen Terri Schiavo sun shekara bakwai a kotu kan cire mata bututun abinci, har ta rasu a 2005. Sai dai rufa-rufa ba ta kashe gardama, zargi take haifarwa. Zaman minti goma kullum ya fi gabar shekara goma sauƙi. Batun harshe kuwa ba hujja ba ne: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas kansa a Idi-Araba yake, maƙwabcin Hausawa, balle Agege. Tafinta ba ya wuya a Ikko.

Mu ma da namu laifin. Mukan cika baranda mu ashirin, kowa da nasa ra'ayi, wan miji mai babbar murya ya danne matar da ta fi kowa sanin majinyacin. Wasunmu kuma sukan fake da tawakkali su ƙi tambaya, alhali tambaya ba ta kore ƙaddara.

Saboda haka, dangi su fid da wakili guda tare da matar ko mijin majinyaci. Asibiti ya sa lokacin ganawa da su kullum, ya gaya musu gaskiya komai ɗacinta, har da kuɗin da za a kashe. Sarakunan Hausawan Ikko su tanadi amintattun tafintoci. Tambayar da za a yi a zaman kuwa ita ce, "Da shi ne zai iya magana, me zai ce?"

Kawuna ya rasu rana ta shida. Ba mu ce an yi kuskure ba, kwana ne ya ƙare. Amma har yau matarsa tana duban yatsanta. Allah Ya jiƙansa, mu kuma Ya sa mu gyara.